Layi Uku a Cikin Rigar Yaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Ubangiji ya kira yayata gida. Ina shagonmu na ɗinki ina sa zif a rigar wata amarya aka bugo mini waya daga asibiti. Ban ma san an kwantar da ita ba. Ce mini ta yi za ta ɗan huta kwana biyu a gida.

Yaya, shekara goma sha tara kekena yana jikin naki, in na miƙa hannu sai in ɗauko almakashinki. Ke kika koya mini riƙon allura. Ranar da na ɓata leshin wata mai zafin kai, kika ce ke kika yanka, kika shanye zagin da ni ya kamata in sha. Da ta fita kika dube ni kika ce, "To sarkin yanka, tashi ki share ƙasa." Babu marayan da ya taɓa komawa makaranta da yagaggen wando a layinmu muddin kin gan shi.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, fushi nake yi da ke. Kin ci amanata.

Bara, muna cin abincin rana, kika buɗe Littafi Mai Tsarki a kan teburin yanka. Kika nuna mini ayar da ta ce Allah ba zai bari a gwada mu fiye da ƙarfinmu ba, kuma tare da gwajin zai buɗe hanyar fita. Kika ce, "Ke da kike koyarwa a zumuntar matan coci, me wannan take nufi?" Ni kuwa kaina ya kumbura, yau Yaya ce take tambayata. Na ce mai bangaskiya ba ya raki, dannewa yake yi ya yi shiru, tunda Allah ya riga ya auna masa kayan daidai wuyansa. Kika gyaɗa kai kika ce, "To, na ji." Ashe a makon ne likita ya faɗa miki ciwon da ke cikinki.

Maigidanki ya sani. Fasto ya sani. Ni da muke shan ruwa a kofi ɗaya, ni aka mayar baƙuwa.

Jiya na je haɗa kayanki. Kin san halin tela, ba ya ɗaukar riga bai juya cikinta ba. Kowace riga na juya, layin ɗinki uku ne a gefenta, kowanne ya fi na baya shigewa ciki. Kina ramewa kina rage kayanki a ɓoye don kada in ga sun yi miki yawa. Hannunki ne, ko a ina na gan shi zan gane. Har tsokanarki nake yi ina cewa kin koma budurwa, kina dariya.

Na zauna a bakin gadonki na sake karanta ayar, sai na ga rabinta kawai na koya miki. Na yi ta surutu a kan ƙarfi, na tsallake hanyar fita. Ban ce da kin warke ba. Amma da na raka ki asibiti, da na karɓe miki taka keke a ranakun da kike cije leɓe. Wataƙila hanyar da Allah ya buɗe miki ke nan, ƙanwar da ke zaune kusa da ke. Kin ƙi faɗa mini, ni kuma da bakina na ce miki ki yi shiru.

Ranar Alhamis zan tsaya gaban matan zumunta da rigarki a hannu, a juye, in gyara abin da na koya musu.

Ubangiji ya yi miki jinƙai, ya ba ki hutu a wurin Almasihu, inda babu sauran ciwo. Ya ta'azantar da maigidanki da 'ya'yanki huɗu, ya riƙe Mama da ta binne 'yar farinta. Ni kuma, jama'a, ku sa ni a addu'a. Ban gama yafe wa Yaya ba, kaina kuwa ko farawa ban yi ba.