Ranar da Na Ɓalle Ƙofar Mutumin Japan

Na taɓa ɓalle ƙofar wani mutumin Japan da taɓarya a nan Kontagora, da safe, mutanen unguwa suna kallo. Na ga abubuwa da yawa a duniya, yawancinsu sun bi ruwa. Wannan kam ba zai bar kaina ba har a sa ni a ƙasa.

Lokacin yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanka Jihar Neja ba. Wani kamfani ya turo shi ya kafa injinan niƙa da na jan ruwa a ƙauyuka, ya koya wa mutane gyaransu. Ana neman wanda zai yi masa gadi, ya kuma riƙa raka shi daji. Ina jin Kambarci, ina da ɗan Turancin bariki, sai aka ce ni. Wasu suka ce, "Kofur, kai da ka yi yaƙin Bama, za ka yi wa ɗan Japan gadi?" Na ce yaƙi ya ƙare, yunwa ba ta ƙare ba. Shi ma lokacin da muke harbin juna da iyayensa bai wuce goyo ba. Na karɓi aiki.

Gajere ne, siriri, da tabarau. Unguwa ta sa masa Mai Inji. Ba ya zagi, ba ya tsawa, ba ya shan abin da zai fitar da shi daga hankalinsa. Hausa ma ya dage ya koya, yana haɗa ta da Turanci muna fahimtar juna. Amma ban taɓa zama da mutumin da ya gajiyar da ni kamarsa ba.

Yana da agogo mai ƙararrawa a gefen gado. Kullum da safe, kafin ta gama buɗe baki ya danne ta, wai kada ta tashi maƙwabta. Maƙwabtan da ladan ya riga ya tasa tun asuba, jakuna sun ƙarasa sauran! In mai ɗakina ta aika masa da tuwo, kafin tuwon ya huce kwanon ya dawo da sabulu a ciki, ko gwangwanin kifi. Ta ƙyale na farko, ta ƙyale na biyu. Daga baya ta tare ni a tsakar gida.

"Maigida, ka tambayar mini baƙon nan naka, an ce masa ni 'yar tuwo-tuwo ce?"

Na je na same shi. Ya saurare ni har na gama, hannayensa a kan gwiwa. Ya ce, "Kofur, a ƙasarmu babu abin kunya kamar ka zama nauyi a kan wani. In an ba ka, ka mayar da sauri, kowa ya huta."

Na ce, "A nan in ka mayar da sauri, ka ce ba ka son zama da mu ke nan."

Ya rusuna, ya ce ya gane sarai. Washegari mai ƙosai ta yi masa gyara, ya aika mata da tocila.

Injinan ma haka ya ɗauke su. Ranar da muka tayar da injin niƙa a Salka, ya tsaya yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Ya ce yanzu mace ba sai ta roƙi maƙwabciya ta taya ta daka ba. Ya ce a can wurinsu gidaje suna ta samun injin da ke wanki da tukunyar da ke dafa shinkafa da kanta, nan gaba ba wanda zai buga ƙofar wani don ya nemi wani abu. Shi a wurinsa wannan ne ci gaba. Na ce masa, "To in ba mai buga ƙofar wani, yaya ake sanin wanda ya mutu?" Ya yi dariya. Ya zaci wasa nake yi. Ni ba na wasa.

Da damina ta yi tsakiya muka je Zugurma gyaran wani injin ruwa. Rafi ya cika ya tare mana hanyar dawowa, muka kwana a wata bukka bakin fadama. Sauro ya ci mu yadda ya ga dama. Ni jikina ya saba, shi kuwa sabon nama ne. Bayan mun dawo da 'yan kwanaki na ga hannunsa yana rawa in ya ɗauki sifana. Sai ga shi ya fito da wani farin ƙyalle ya ɗaure hanci da baki, ya bi ta cikin kasuwa a haka.

Mahaucin da ke bakin layinmu ya kira ni. "Kofur, zo nan. Wari muke yi wa maigidan naka ne?"

Na tambaye shi, ya ce haka suke yi in ba su da lafiya, don kada su shafa wa mutane. Na ce wannan zazzaɓin sauro ne, ba a shaƙarsa, tashi mu je asibiti. Ya ce yana da ƙwayoyinsa. Ya ce likita yana da marasa lafiya waɗanda suka fi shi buƙata, ba zai je ya tare musu layi ba. Ya shiga ɗaki ya sa sakata. Ta bayan ƙofa ya ce, "Kada ka gaya wa kowa. Kada kowa ya wahala ya zo."

A Kontagora za a ɓoye ciwo? Kafin la'asar unguwa ta ji. Liman ya zo dubiya. Mai unguwa ya zo. Mata suka zo da kunu da fura. Duk wanda ya yi sallama sai ya ji murya daga ciki, "Na gode. Lafiya lau. Ku yi haƙuri." Ƙofa ba ta buɗe ba. Liman, dattijo mai furfura, ya tsaya cikin rana har ya gaji, ya yi addu'a ga katako ya juya. Akwai wata tsohuwa a gidan da ke jikin namu, bakinta ba linzami. Ta ɗauki kwanon kununta ta ce, "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin majinyacin da ya fi masu lafiya girman kai ba. Ku bar shi, ya sha injinsa."

Suka bar shi kuwa. Ƙafa ta ɗauke. Abin da yake so ya samu, ba ya damun kowa. Ni kaɗai na rage a bakin ƙofa ina jin tarinsa, ina jin haƙoransa suna haɗuwa. In na buga ya ce gobe zai fita aiki. Abincin da na ajiye, kaji suka ci. Na san wannan zazzaɓi. Na ga ya kwantar da ƙarti waɗanda suka ninka shi biyu, kuma na san ba ya jiran mutum ya gama kunyarsa.

Rannan da safe ina zaune a kan benci sai ƙararrawar nan ta kama. Ta yi ta kuka. Ba wanda ya danne ta. Ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare, ta mutu don kanta. Na kira shi, shiru. Na buga da hannu, shiru.

Mai ɗakina tana daka a tsakar gida. Na fizge taɓaryar daga hannunta na nufi ɗakinsa. Mai gidan da ake haya ya biyo ni da gudu. "Kofur! Kofur, ƙofar nan sabuwa ce, daga Kaduna na kawo ta!"

Na ce, "Ka kai ni gaban alƙali."

Na shiga dukan ƙofar da taɓarya, ban daɗe ba sakata ta fita da katakonta.

Abin da na gani a ciki shi ne har yau yake tayar mini da rai. Ɗaki a share fes. Kayan sawarsa a ninke cikin akwati, an ɗaure akwatin da igiya. Sifanu da sauran kayan aiki a jere, an goge su da mai. Takalmansa a bakin ƙofa, kai ɗaya. Shi kuwa yana kwance a ƙasa kan tabarma cikin wankakkun kaya, don kada guminsa ya ɓata katifar mai gida. Mutum ya ga mutuwa ta nufo shi, maimakon ya yi ihu, sai ya tashi da sauran ƙarfinsa ya yi shara, don masu ɗaukar gawarsa kada su sha wahala! Na ga mutuwa iri-iri, ban taɓa jin haushin wata kamar wannan ba.

Na taɓa shi, jiki kamar garwashi. Ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi ƙofar da ke rataye. Ya ce, "Yi haƙuri... ƙofa..."

Na ce, "Rufe mini baki!"

Na saɓa shi a kafaɗa, bai fi damin kara nauyi ba. Waɗanda suka rantse ba za su sake taka ƙofarsa ba, su suka fara zuwa. Mahauci ya bar namansa a kan tebur ya turo amalanke. Tsohuwar nan ta kwance mayafinta ta tusa masa a ƙarƙashin kai, tana tafe tana zaginsa har asibiti. Likita ya duba shi ya sa masa ƙarin ruwa. Ya ce da mun kai yamma, da likkafani za mu nema.

Da ya farfaɗo sai ya faɗa hannun matan unguwa, ba ƙofa ba sakata. Suka yi ta karɓa-karɓa a kansa. Tsohuwa ita ke ba shi kunu da ludayi. Duk kurɓa sai ya yi godiya ya ba da haƙuri. Ta ce, "Buɗe baki, ɗan nema. Ka sake ba ni haƙuri, in ɗura maka ta hanci." Ya sha. Da aka sallame shi ya ce in raka shi kanti ya saya wa kowa wani abu. Na ce ba inda za ni. Ya ce, "Kofur, abin yana da nauyi a kaina." Na ce, "Ɗauka. Kowa a garin nan da irinsa yake yawo."

Yana cikin murmurewa na tambaye shi ko an sanar da iyalinsa. Yana da mata da ɗa ɗaya a can. Ba ya yi mata wasiƙa, rakoda gare shi mai kaset, irinta ta farko da na gani. Yakan yi magana a ciki ya aika ta gidan waya, ita ma ta aiko da nata. Ya ce ai ya riga ya yi mata magana jiya. Na ce me ya ce mata? Ya ce ya gaya mata ana ruwa sosai, dawa ta yi kyau, ya kuma ɗaukar mata kukan kwaɗi.

"Ciwon fa?"

"A'a. Za ta damu."

"To ba aikinta ke nan ba?"

Ya ce a wurinsu miji nagari ba ya kai damuwa gida, mace tagari ita ma tana haɗiye tata. Ya ce ko wahalar da ta sha wajen haihuwa, sai daga baya ya ji a bakin surukarsa, kuma ya ƙara ganin girmanta. Ya ce in mutane biyu sun san juna ba sai an yi ta magana ba. Na ce, "Wannan ba aure ba ne, gadi ne. Kowa yana gadin bakinsa."

Na ce ya nuna mini inda ake dannawa. Ya zaci waƙar soja zan yi mata, ya danna. Na sa baki da Turancina na bariki na ce, "Madam, mijinki ya kusa mutuwa. Ya kulle kansa a ɗaki. Ni na fasa ƙofar. Yanzu yana cin abinci. Shi ke nan." Ya tashi zai ƙwace, ƙafafu ba ƙarfi. Na cire kaset na sa a aljihu, na kai gidan waya da kaina. Ya yi fushi da ni irin nasu, wato ya ƙara yawan rusuna mini.

Amsa ta daɗe kafin ta zo. Ranar da ta iso ya kunna ina zaune. Ba na jin yarensu, amma faɗan mace ba ya buƙatar tafinta. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta koma kuka, har kaset ya ƙare. Shi kuwa kunnuwansa sun yi ja, ya cire tabarau yana ta gogewa. Na ce me ta ce? Ya mayar da tabarau. Can ya ce, "Ta ce ni wawa ne. Tun da muka yi aure ba ta taɓa ɗaga mini murya ba." Na ce, "To yau aka ɗaura." Ya mayar da kaset ya sake saurare daga farko.

Kada in yi ƙarya in ce ya canza gaba ɗaya. Hali zanen dutse ne. Har ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu yana ba mutane haƙuri a kan abin da bai yi ba. Ban sake jin labarinsa ba. Amma da ƙafafunsa ya hau mota, ba a cikin akwatin gawa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunya abu ne mai kyau, amma wadda za ta hana ka cewa wayyo ba kunya ba ce, igiya ce. Wanda ya hana mutane wahalar jinyarsa, wahalar jana'izarsa yake tara musu, kuma gawa ba ta wanke kanta.

Yanzu ina gidan babban ɗana a nan cikin gari. Idanu sun tafi, ƙafar hagu ta ƙi. Sai an tashe ni, sai an zaunar da ni. In na ji ƙishi nakan ɗaga murya in kira, duk wanda ke kusa ya kawo. Ba na ba kowa haƙuri.