Ranar da Na Gaisa da Ƙudan Zumar Surukaina

Ƙauyen su matata tafiyar hantsi ne daga Ƙofar Rini, gero a tudu, shinkafa a fadama. Abin da ya bambanta su da maƙwabta shi ne kakan kakansu, wani farin baƙo da ayarin Agadas ya bari yana jinya. Ya warke, ya musulunta, ya ƙi tafiya. Mahaifina, da yake malami ne, ya ce a littattafan Andalus ana kiran mutanen duwatsun da ya fito Bashkunsu.

Harshensa ya bi shi kabari, amma ya bar musu al'ada guda: ba a haihuwa, ba a rasuwa, ba a aure sai an gaya wa ƙudan zumar gida. Mai neman aure shi ke faɗa da bakinsa. In sun kwana uku cikin amyarsu, sun yarda. In sun tashi, magana ta mutu.

Ni kuwa na tashi da labaran masoya na bakin kasuwa, inda saurayi ba ya zuwa zance sai ƙamshinsa ya riga shi sallama. Ranar da zan je neman aure, na juye rabin kwalbar turare a rigata, na tsara jawabi tun a hanya.

Kakar yarinyar da nake nema ce ta tare ni a gindin tsamiyar da amyar take. Ta shaƙa, ta ja baya.

"Angona, mi kash shafo haka? Ni kaz zo ɗauka ko jikata?"

"Ke ce ta fari, Kaka."

"To hau. Ƙwanƙwasa sau uku, ka faɗi sunanka da nata, ka sauko. Ba su son dogon zance."

Na hau, na ƙwanƙwasa. Sai na hango yarinyar tana leƙe ta saman dangar kara, sai jawabin ya taso mini. Na kai inda nake kwatanta idanunta da tauraron asuba ke nan ƙudan zuma na fari ya sauka a fatar idona. Sauran ban ƙirga ba. Ban kuma san yadda na iso ƙasa ba.

Kwana uku na yi a zauren kawunta, fuska kamar ƙwarya, ana shafa mini laka. Ba zafin ya dame ni ba. Kowace safiya sai na tambayi mai kawo fura, "Suna nan?"

Rana ta uku Kaka ta shigo da kanta, da saƙar zuma a ƙoƙo.

"Suna nan. Sun ɗanɗana ka, ba su gudu ba."

"Ita fa, me ta ce?"

"Ta ce ka ƙarasa mata zancen tauraron nan. Amma a ƙasa, kuma ka wanke riga."