Hannun da Ya Rage wa Toktosun

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Naryn, babu wanda bai san Toktosun da 'yar bindigarsa ba. Makiyayin tumaki ne, gajere, mai saurin fushi, katangarmu ɗaya da shi. Bindigar ta gado ce daga mahaifinsa, ƙirar garin Tula tun zamanin Tarayyar Sobiyat, mai cin harsashi ɗaya, harsashin ma bai kai ɗan ƙaramin yatsa ba. Idan ta tashi sai ka ce an karya busasshen kara. Da ita yake kawo zomo da makwarwar dutse, da ita yake korar yanyawa daga 'yan raguna. Masu manyan bindigogi kan ce ta korar kaji ce.

"Ku je ku cika dutse da ƙara," yakan ce musu. "Ni a ka nake samun zomona, naman bai ma san an yi ba."

Wata kaka muna aikin ciyawar hunturu, injin ɗaure ciyawa ya kama masa hannun riga, ya tafi da hannunsa na dama har kusa da gwiwa. Ya daɗe kwance a asibiti a birni. Yana can ne yayansa Sheishenbek ya zo wurin matarsa Burulkan. Sheishenbek yana da masaukin baƙi, inda Turawan nan masu hawan dutse da jaka a baya suke sauka, kuma mutum ne mai son tara tsofaffin sirada da bindigogi.

"Ba ni ita, ƙanwata," ya ce. "Me mai hannu ɗaya zai yi da bindiga? Kada baƙin ciki ya sa shi wani mugun tunani."

Ta ba shi, don ita ma abin da take tsoro ke nan.

Ranar da Toktosun ya dawo, muna zaune ana shan shayi da gurasa, ya dubi bayan akwatin barguna, inda yake ajiye bindigar.

"Burulkan, ina take?"

"Yaya ya ɗauka."

Bai ƙarasa shayin ba ya miƙe, ni kuma na bi shi don na san hali. A masaukin yayan nasa muka tarar da baƙi suna cin abinci, ga bindigar can an goge ta tana ƙyalli, an rataye a kan dardumar bango tsakanin wasu tsofaffi biyu da tsatsa ta cinye. Toktosun ya taka benci da takalminsa, ya ciro ta da hagu.

"Kai, Toktosun! Ba ka ganin baƙi?" in ji Sheishenbek.

"Yaya, hannu aka yanke mini, ba wuya ba. Waɗancan biyun sun mutu, ka rataye abinka. Tawa da ranta."

"Da me za ka ja kunamar?"

"Da haƙori, in ta kama."

Wata Baturiya ta ɗauka wasa ake yi musu, har da tafi.

Daga nan wahala ta fara. Maɗurin bindigar a dama yake, ga shi dole ya ɗora ta a kafaɗar hagu, idon hagunsa kuma bai taɓa saiti ba. Ya sari sanda mai baki biyu yana ɗora bakin bindigar a kai. Yakan matse ta tsakanin gwiwoyinsa ya buɗe, ya zaro harsashi daga leɓensa ya ɗura. Ya jera gwangwanaye a bayan gida, ya yi ta harbi, gwangwanayen suna nan lafiyarsu ƙalau. Abin da ya fara samu shi ne bahon wankin Burulkan.

"Maigida, don Allah ka bar mana ko kwano ɗaya!" ta ɗaga murya daga ɗakin girki.

Samari kuwa sun sami abin yi. Duk yammar da ya sauko daga dutse hannu rabbana, sai su tare shi.

"Baba Toktosun, yau wane dutse ka kashe?"

"Wanda ya fi kanka laushi, ɗan nema."

Sai da dusar ƙanƙara ta rufe hanya ya sami zomon farko. A cinya ya same shi, ya bi shi da gudu yana faɗuwa yana tashi kafin ya kama ya yanka. Ya shigo gida jiƙe sharkaf, fuska a murtuke. Na ce masa barka.

"Barkan me? Wannan ba harbi ba ne, tsautsayi ne ya faɗa wa zomon."

Duk da haka Burulkan ta yi romo, shi da kansa ya ɗauki kwano ya kai wa yayansa. Sheishenbek ya shanye tas. Bayan kwana biyu ya aiko da kwalin harsashi, da saƙon cewa akwai kafinta a birni da zai sassaƙa wa bindigar sabuwar ƙota ta bahago. Toktosun ya karɓi harsashin, ya mayar da saƙon.

"A gaya wa Yaya, ƙotar nan gumin Baba ne ya baƙanta ta. Ni zan gyaru, ba ita ba."

Bai koma maharbin da yake a da ba. Kuskurensa ya fi samunsa yawa, ya sani, kowa ma ya sani. Amma shekara da shekaru ke nan ba a raba shi da dutse, kuma tukunyarsu ba ta rasa nama a hunturu.

Bana gemunsa ya yi fari fat, likita ya ce yanar ido ta fara rufe masa idon hagu.

"Na daman fa?" ya tambaya.

"Wannan garau yake."

Da safe na leƙa ta katanga, na gan shi ya kafa sandarsa, bindiga a kafaɗar hagu, ya karkace wuya kamar zakara mai kallon shaho, yana neman saiti da idon dama.

"Maƙwabci, kauce daga nan," ya ce, bai ko juyo ba. "Ban san inda za ta faɗa ba tukuna."