Reno Zammit, Mai Yi wa Tsofaffin Motoci Wanka

Kafin 'yan makaranta su fito, Reno Zammit ya riga ya buɗe rumfarsa da ke bayan layin dogo a Geelong. Ba ya gaisawa da kowa sai ya gaisa da kwamayensa, manyan tankunan wankin mota, tukuna. Uku ne, na ƙarfe, kowanne ya isa ya haɗiye mota sukutum: na farko ruwan soda mai zafi da ke cinye fenti da fotin da ake cike lotsawar mota da shi, na biyu asid mai cin tsatsa, na uku mai kashe kaifin asid ɗin. Sai ya duba zafinsu, sannan ya ɗora shayi, ya buɗe ƙunshin fastizi, 'yar gurasar nan mai cuku ta mutanen Malta, wadda matarsa Rita take gasawa. Idan ka zo da wuri, ka ci. Idan ka makara, ka sha labarin daɗinta.

Ni motar janwe nake tuƙawa, kuma rabin rayuwata na yi ina sauke masa gangar jikin tsofaffin motoci. Ƙarshen watan nan zai rataye safar hannunsa ta roba ya huta. Na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Wanda bai sani ba gani yake aikin tsomawa ne da cirowa, kamar wankin kwano. Ina! Sai ka huda 'yan ramuka inda iska za ta maƙale, in ba haka ba wurin ya fito da fentinsa. Sai ka ɓalle duk wani alminiyam, don soda narkar da shi take yi kamar sukari a shayi. Mafi sharri shi ne asid ɗin da ke laɓewa a haɗin ƙarfe. Ka yi gaggawa, a fesa sabon fenti, bayan 'yan watanni mota ta fara zubar da hawayen tsatsa ta kowace gaɓa. Shi ya sa Reno ba ya sakin mota sai ya wanke, ya busar, ya sake wankewa. Mai mota ya buga waya yana huci, Reno ya ce, "Abokina, shekara arba'in tana kwance a bayan gidanka kaji suna ƙwai a ciki, ba ka yi sauri ba. Yau da ta zo hannuna ne za ka koyi sauri?"

Amma ba don wannan nake jinjina masa ba. Masu iya aiki suna da yawa. Reno wata ɗabi'a gare shi da ban gani wajen kowa ba: ba ya tsoma mota sai duk mai haƙƙi a kanta ya zo ya tsaya. Sai ya kwance 'yar ƙofar wurin shan mai, ya goge tsakiyarta da samfefa a hankali har duk fentin da aka taɓa yi wa motar ya bayyana, zobe cikin zobe kamar an yanka albasa. Wannan ƙofar ba ta shiga kwami. "Kwami ba ya zaɓe," in ji shi. "Abin da ka tsana da abin da kake so, tare yake cinye su. Ku gani tukuna."

Na ga amfanin wannan ranar da na ɗauko akori-kurar marigayi Vern Hallinan daga gonarsu ta shanun madara a Colac. 'Ya'yansa biyu, Bryce babba da Kelvin autan da aka haifa da tazara mai yawa, sun yarda a gyara motar, don uwarsu Noreen, wadda ta haura tamanin, abu ɗaya ta roƙa: kafin ta bar duniya ta zauna a kujerar gaba, ɗa a dama, ɗa a hagu, su zaga filin baje kolin garinsu. Sai launi ya raba su. Bryce ya rantse motar babansa koriya ce, a koriya ya koyi tuƙi. Kelvin ya ce ruwan madara ce, a haka ake kai shi makaranta. Magana ta yi tsami har suka daina gaisawa, matansu ke kai saƙo. Kelvin ya ce in aka fesa kore, shi ko tayarta ba zai taɓa ba.

Bryce ne ya biyo ni shi kaɗai. Ya ce, "Reno, jefa ta kawai. In ta fito tsirara, ni zan sayo fenti."

"Ina ƙanenka?"

"Yana can yana fushi da shanu."

"Uwarku fa?"

"Haba, Reno! Tsohuwa ce, me za ta yi a cikin wannan warin?"

Reno ya ɗauki shayinsa ya ce, "To, motar tana nan. Ruwana ba ya tsufa."

Motar ta yi makonni a gefe, ta tare wuri, wasu ayyukan suna layi. Na ce masa, "Kai dattijo, alƙali ne kai ko mai wanki? Tsoma ta ka huta." Ya ce, "Kai ja motarka. Waɗannan ba launi suke faɗa a kai ba. Kowa uban da ya sani yake karewa. In na tsoma ta yanzu, har su mutu babu mai raba gardamar."

Ranar da suka haƙura suka zo, Noreen ta shigo da sandarta da jakar hannu, ta toshe hanci ta ce, "Kai, Reno, a nan kake wuni? Rita tana da haƙuri." Ya ba ta kujera da fastizi. 'Yan'uwan suka tsaya nesa da juna, kowa ya harɗe hannu, manyan mutane masu furfura.

Reno ya fara gogewa. Bayan tsatsa da datti, ruwan madara ya fito. Kelvin ya ce, "Yauwa! Buɗe idonka, Bryce, ko in ara maka tabarau?" Reno bai ɗago ba. Can sai kore ya leƙo daga ƙarƙashi. Bryce ya buga cinya. "Ga asali nan, ɗan auta! Lokacin da ake wannan, ko labarinka babu." Samfefa ta ci gaba da aikinta. Sai wani ja jawur ya bayyana a tsakiya, kamar an yanka tumatir.

Reno ya miƙa wa tsohuwa ƙofar. Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Sai ta fashe da dariya har sandarta ta faɗi.

"Ku 'yan banza," ta ce, tana share hawaye. "Koren nan ragowar fentin rumfar tatsar shanu ne, da burushi ubanku ya shafa. Ruwan madarar kuwa na kicin ɗina ne! Na nemi gwangwanin nan har na zargi maƙwabta, ashe mutumin nan a mota ya juye shi. A kan fentin shanu da na kicin kuka daina gaisawa?"

Kelvin ya ce, "Mama, jan fa?"

Ta ɗora yatsa a kan ɗan zoben. "A wannan ya zo zance. Babana ya hango ta daga nesa ya ce, duk mai jar mota mahaukaci ne. Na ce na ji, shi nake so."

Bryce ya sosa ƙeya. Kelvin ya kalli takalminsa. Can Bryce ya ce, "Ni dama koren bai taɓa burge ni ba." Kelvin ya ce, "Maƙaryaci!" Suka kwashe da dariya su biyu. Sannan ne Reno ya saƙala ƙugiya, ya ba Kelvin igiyar gaba, Bryce ta baya, su riƙe kada motar ta karkace. Tana nutsewa, ruwan yana tafarfasa, suna ta musun wa ya fi iya riƙewa.

Ina filin baje koli ranar da suka zaga. Ja ce, tana sheƙi. Noreen a tsakiya da hularta ta coci, tana ɗaga wa mutane hannu, tana kuma yi wa Bryce faɗa cewa babansa bai taɓa tuƙi kamar mai rakiyar gawa ba. Aka kira sunan mai fenti a lasifika, aka kira na mai gyaran inji. Ba a kira Reno ba, don aikinsa yana ƙarƙashi, inda ido ba ya kai wa. Shi kuwa yana jikin shinge yana tafi ya fi kowa ƙarfi.

Reno na Rita, gagara tsatsa, kai ne ka koya mini cewa mai gogewa ya fi mai shafawa buƙatar hankali, don abin da aka shafa ana iya sakewa, wanda aka goge ya tafi. Soda ta cinye maka jin ƙamshi, ta ɓata maka farce, amma ba ta taɓa haƙurinka ba. Mun gode, mu masu janwe da ka shayar da shayi, da gidajen da ka mayar wa motocinsu.

Ku kuma matasan da ke shigowa wannan sana'a, injin ɗaga kaya naku ya fi namu, magungunanku ma sun fi. Amma kafin ku danna maɓalli, ku tsaya ku tambayi wa da wa ke da rabo a cikin tsohon fentin nan, ku jira su zo. Ranar Asabar za mu gasa nama a ƙofar rumfarsa. Noreen ta ce za ta zo, kuma wannan karon Kelvin ne zai tuƙa.