Bencin Baya a Cocin Moursal

Shekarar da mijina ya rasu, danginsa suka ƙwace gidanmu na unguwar Moursal, na kwashi yarana uku muka koma ɗaki guda a unguwar Gassi. Nawa dangin kuwa sun daina amsa gaisuwata tun ranar da na zama Kirista.

Damuwa ta kama ni. Ina cikin suyar ƙosan sayarwa sai ƙirjina ya hau bugawa, har mai ya fallatso mini. Abinci ma ya ƙi shiga.

Ko a cocinmu na Moursal ban huta ba. Ina shiga sai a fara raɗa, wai me Bahaushiya ta zo nema, ko leƙen asiri aka aiko ta. Saboda haka kullum a bencin baya nake zama.

Wata Lahadi kuka ya ƙwace mini ana tsakiyar waƙa. Wata tsohuwa 'yar kudu ta matso ta riƙe hannuna, ta ce da Larabci, "'Yata, kayan nan sun fi ƙarfinki. Miƙa wa Yesu." Ta yi mini addu'a da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma numfashina ya daidaita. Da na koma gida na cinye tuwona tas.

Daga nan na koyi durƙusawa duk lokacin da bugun ya taso, kuma yakan lafa. Gidan dai bai dawo ba. Da yayata ta rasu, a bakin wata mai sayen ƙosai na ji, bayan an riga an binne ta.