Matar da Ba Ta Karɓar Waya a Hannun Direba

Butulci iri-iri ne, amma mafi muninsa shi ne a sallami mutum saboda ya iya aikinsa. Shi aka yi wa matar da direbobin tasi ke kira Danna-da-kanka.

Garejin da take aiki na motocin lantarki ne, irin waɗanda ba su da makulli. Wayar direba ce ke buɗe ƙofa, ita ke tada mota. In manhajar da ke cikin wayar ta ƙi gaisawa da motar, direba ya zama ɗan kallo, fasinja na wucewa a gabansa. Sasanta su shi ne aikinta. Tun kafin a gama share gareji tana kan benci kusa da wurin caji, tabarau a karan hanci, hannayenta a cinya. A cinyar suke wuni, don ba ta taɓa karɓar wayar kowa ba.

Wani dattijon direba ya taɓa miƙa mata tasa. “’Yata, ta sake gardama. Karɓi ki yi mata abin da kike yi.”

“Riƙe abarka, Baba. Ja allon ƙasa. Wannan ɗan shuɗin, wa ya kashe shi?”

“Cewa aka yi yana shan caji.”

“Bulutut ke nan, bakin da waya ke magana da mota. Ka toshe mata baki, kana jiran ta yi sallama? Danna da kanka.”

Ya danna, ƙofa ta buɗe. Ta ce, “In na karɓa na gyara yau, gobe a bakin hanya wa zai karɓa?”

Akwai wa da ƙane da ke karɓa-karɓa da mota ɗaya. Motar ta riƙe wayar wan, ta ƙi ta ƙanen, har suka daina gaisawa, kowa na zargin ɗan'uwansa da mugunta. Ita ta zaunar da su, ta nuna wa babban yadda zai fita daga manhajar in ya tashi aiki.

Danna-da-kanka, ke ce mai haƙurin maimaita magana. Ke ce ba ki taɓa sa mai furfura ya ji kunyar yatsansa ba.

Da direbobi suka iya, layin gaban bencinta ya ƙare. Manaja ya leƙo ta taga ya ga mace zaune.

“Malama, ban taɓa ganin waya a hannunki ba. Layi ma babu. Zama muka ɗauke ki yi?”

“Ranka ya daɗe, layin da babu ɗin shi ne aikin.”

Bai ji ba. Ya sallame ta, ko na gode babu.

Ba a daɗe ba aka sabunta manhajar, duk madannan suka sauya wuri, kowace waya ta manta motarta. Gari ya waye motoci cike da caji, ƙofofi a rufe. Manaja na zagayawa yana cewa a kashe a kunna. Direbobi suka kwashi wayoyinsu sai ƙofar gidanta. Ta fito da tabarma, ta koya musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ambaci wanda ya kore ta ba. Daga nan ba su koma wurin manaja ba. Garejin tsallaken titi suka nufa, suka ce in ana son su, sai da ita.

Mun gode, baiwar Allah. Allah ya saka miki. Duk mai sana'a a hannu ya koyar kamar yadda kika koyar, ko da za a biya shi da irin abin da aka biya ki.

Shi kuwa manaja, direbobi goma sha ɗaya suka bar shi, har da wan da ƙanen. Motoci goma na jere a rumfa, tayoyinsu na sacewa. Ya aika a kira ta, ta ce a gaishe shi.