Riɗina da shaidar da aka nema a bakina

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da bayinSa. 'Yan'uwa, assalamu alaikum.

Jiya wakilin kamfanin da ke sayen riɗina ya same ni a sitona da ke Bololo. Ya ce masu saye a Turai suna neman rahoton hayaƙin da noman ke haddasawa, alhali manoman da ke kawo mini kaya suna ƙona daji kafin shuka. Idan aka rubuta haka, cinikinmu na iya yankewa.

Sai ya sassauta murya ya ce, "Baba Alhaji, mu ce ba sa ƙonawa, kalas, shi ke nan. Wa zai je ƙauye ya duba?"

Na ce, "Ɗana, rahoton nan shaida ce, kuma daga bakina za ta fara. Rubuta cewa suna ƙonawa. Ka ƙara da cewa zan je da ƙafata kafin damina, mu nemi wata hanyar sharar gona."

Sai ya rubuta yadda na ce. Ko su ci gaba da saye ko su fasa, tafiyata ƙauye tana nan.

'Yan kasuwa, da ku ne, me za ku ce masa? Allah Ya tsarkake cinmu, Ya yi muku albarka.